Shaidar Inna

Mai fenti ne kullum yake fara isowa. Da Inna ta ji ƙarar babur ɗinsa a bakin ƙofa ta san yau akwai masu zuwa kallon gida, sai ta jawo gefen mayafi ta toshe hanci tun bai buɗe gwangwaninsa ba.

"Iya, barka da hutawa. Mun zo yi wa amarya kwalliya."

"Wannan amarya taku dai ba ta gajiya da hoda," in ji Inna. Dariyar da ta so yi ta koma tari.

Ba bangon duka yake shafawa ba. Daga ƙasa zuwa gwiwa yake bi, daidai inda danshi ke tsattsafowa ya ja baƙin layi ya zagaye falo da ɗakuna, miƙe sak kamar an auna da igiya. Ya kankare inda ya kumbura, ya goge funfuna da tsumma, ya shafa sabo. Bayansa mai ruwa zai zo da jarkokinsa, ya hau tsani ya juye a tankin sama, gwargwadon abin da zai isa a murɗa famfo a gaban baƙi su ga yana zuba. Can a kangon baya kuma a ta da inji, wayarsa binne cikin yashi, mai shigowa ya ga fanka na juyawa ya ɗauka unguwar ba ta rabuwa da wuta.

Ƙarshen kayan kwalliyar kuwa ita ce Inna da kanta. Ɗanta Auta, dillalin gidaje, shi ya ɗinka mata fararen kaya, ya sayo kujerar roba mai hannu, ya nuna mata inda za ta riƙa zama a baranda.

"Mutane sun daina yarda da dillalai, Inna," ya ce mata ranar. "Ko da me na rantse, kallon ɓarawo suke mini. Amma in suka ga tsohuwa mai furfura zaune da carbinta, aka ce musu uwata ce, magana ta ƙare. Wa zai ajiye uwarsa a gidan banza?"

Shekarar ce gari ya haukace da sayen gidaje. Wanda ya sayar da safe, kafin yamma yana cizon yatsa don kuɗin ya ƙaru. Tela ya ajiye keke ya koma dillanci, mai kemis ya koma dillanci, ko'ina ka zauna zancen fili da bulo ake yi. A cikin wannan guguwa Auta ya sayar da gidan mahaifinsu da yardar yayarsa, ya zuba kuɗin a sababbin gidajen da aka gina a bayan gari, a kan fadamar da aka cike da ƙasa aka shafe ta da siminti. Ya zaunar da Inna a ɗaya daga cikinsu da alkawari: da zarar an sayar da wannan, zai saya mata nata a cikin gari, a kan tudu, kusa da asibiti.

A ƙarshen damina ta tare, ta riski ruwan ƙarshe. Abin da ta gani ba ta manta ba. Ruwan ba ta ƙofa ya shigo ba, ba ta rufi ba. Daga ƙasa ya ɓullo, ta tsakanin tayil, shiru kamar mai sanɗa, har ya rufe mata idon sawu. Bayan ya janye sai ya bar sanyinsa a bango, bangon kuma ya riƙa miƙa mata shi a ƙirji. Tun daga nan tari ya kama ta. Da asuba ya fi tsanani, sai ta dafa bango tana jan numfashi, maƙogwaronta na fito kamar tsohuwar ƙofa. Ranar da aka yi fenti kuwa Auta yakan rufe tagogi ya fesa turare don kada a ji warin laima, ita kuma ta kwana uku tana biyan kuɗin wannan ƙamshi da haƙarƙarinta.

Baƙin ranar wani ɗan kasuwa ne da ƙaninsa. Auta ya shigo da su yana zuba kamar rediyo. Ƙasa ce busasshiya, titi na nan zuwa, ga famfo, ga wuta. Ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, ya yi sauri ya rufe. Ɗan kasuwar ya tsaya gaban Inna ya gaishe ta.

"Iya, ya zaman gidan? Da daɗi?"

Inna ta dubi carbinta. "Allah dai ya zaɓa muku abin da ya fi alheri," ta ce. Sai tari ya turnuƙe ta, ta kasa tsayar da shi.

Mutumin ya dube ta, ya dubi gindin bango, ya ɗan taɓa da yatsa. Yatsan ya ɗauko fari. Ya goge a hankicinsa, ya ce za su yi shawara.

Da suka tafi Auta ya dawo ya tsaya a kanta, hannuwa a ƙugu. Bai ɗaga murya ba, don bai taɓa ɗaga mata murya ba, kuma yana alfahari da hakan.

"Haba Inna. Haba Inna! Addu'a aka tambaye ki?"

"To me zan ce, Auta?"

"Ki ce lafiya lau. Kalma biyu. Kuma tarin nan, ba za ki iya riƙe shi na ɗan lokaci ba?"

"In ka san inda ake riƙe shi, nuna mini."

Ya jawo bokitin fenti ya kifa ya zauna. "Inna, ki fahimta, wannan ba ƙarya ba ce, kasuwa ce. Duk wanda ya sayi gidan nan, kafin ruwa ya sauka kuɗinsa ya ninka, ya sayar wa wani ya ci riba. Wa aka cuta? Taimakonsa ma muka yi."

"Shi na ƙarshen fa? Wanda zai kwana a ciki?"

"Wannan kuma tsakaninsa da wanda ya sayar masa. Kowa haka yake yi. Kin ga hoton allon can na bakin titi, mai itatuwa da ciyawa? Ko bishiya ɗaya kin gani a unguwar nan? Ni fa ba ni na ƙirƙiro sana'ar ba."

A allon nan har da hoton Inna, zaune a kujerarta, an goge mata tamoji an ƙara mata haske. A ƙasa an rubuta cewa iyayenmu ma a nan suke zaune. Mai fenti ne ya karanta mata.

Da tarin ya fara zuwa da zazzaɓi, Auta ya kai ta asibiti. Likita ya ɗora abin awonsa a bayanta, ya daɗe yana saurare, sannan ya tambayi irin ɗakin da take kwana. Auta ya ce sabon gida ne fil. Inna ta ce bangon yana gumi. Likitan ya dubi ɗan, ya dubi uwar, ya rubuta maganin shaƙa, ya ce magani ba zai yi komai ba matuƙar tana cikin laima, kuma in wata damina ta same ta a can, to, shi dai ya faɗa.

A mota ta ce, "Auta, ka kai ni gidanka. Ko a kicin ne."

"Subhanallahi, Inna, kicin? Mutane su ce me?"

Ya dai biya da ita gidan nasa. Matarsa ta tarbe ta da fara'a, ta durƙusa har ƙasa, ta kawo shayi mai kauri.

"Wallahi Inna, ni da zan samu ki dawo nan ai na huta, ki riƙa duba mini yara. To ɗakin baƙin ne cike da kayan shagona, ko ƙafa ba inda za a sa. Ga yaran nan da ƙiriniya, ba za su bar ki ki runtsa ba. Kuma kin san tari da ƙananan yara. Can kuwa kina shan iskarki, ke kaɗai kamar sarauniya."

Inna ta sha shayin. Ta lura da yadda aka ware kofin da ta sha aka kai shi bayan gida.

Da ta koma ta sa mai ruwa ya kira mata babbar 'yarta a waya, wadda ke aure a wani gari. Ita ma nata kason na gadon yana cikin gidajen.

"Inna, ki daure mana. Komai namu yana cikin ginin nan. In ba a sayar ba mun shiga uku, ni da me zan kalli baban su yara? Ke ma dai kin cika tsanani. Cewa aka yi ki yi rantsuwa? Gaisuwa ce fa kawai. Ko mara lafiya aka tambaya ya jiki, ai da sauƙi yake cewa."

"Numfashina ne ke ƙarewa, 'yar nan."

"To ai shi ya sa! Ki taimaka a sayar ki fita. Ƙofar fitar a bakinki take, Inna."

Wannan magana ta zauna mata. Ta yi ta juya ta kwana da kwanaki. Ita da ta sayar da man gyaɗa shekara da shekaru ba ta taɓa ƙwange kwalba ba, ita da unguwa guda ke kawo mata ajiya, yau an ce ƙofar fitarta a bakinta take.

Zafi ya tsananta, sannan iska ta juya. Da yamma hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa. Kwaɗi suka fara kuka a bayan katanga, a wurin da aka ce ba ruwa. Masu zuwa kallo suka ragu, don an fara raɗe-raɗin cewa gidajen sun yi yawa, masu saye sun ƙare. Auta ya rame, ya daina fesa wa kansa turare, wayarsa na ta ruri yana kifa ta. Inna kuwa ba ta iya kwanciya miƙe, sai a jingine. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta huta a hanya.

Wata safiya ya shigo bayan mai fenti, ya zube a gabanta kan gwiwoyinsa, abin da rabonsa da yi tun yana yaro.

"Inna, yau ce. In aka yi ruwan farko kafin a sayar, shi ke nan, ni da ke mun mutu a nan. Wasu ne za su zo, mata da miji. Sun ga hotonki, matar ta ce saboda ke za su zo. Don girman Allah, Inna. Yau ki faɗa, gobe in ɗauke ki."

"Gobe?"

"Da sun sa hannu. Na rantse miki da kabarin Baba."

Suka iso kafin azahar. Mijin direban babbar mota ne, mai jajayen idanu na rashin barci. Matar malamar makaranta ce, siririya, da jariri goye a baya. Tun daga ƙofa take murmushi, tana shafa bango, tana leƙa tagogi. Ta ce wa mijin nan za a sa gado, can za a sa keken ɗinkinta. Suka ce sun gaji da haya, shekara bayan shekara ana ƙara musu, sun haɗa nasa da nata da bashin wurin aikinta, sun ce gara su saya yanzu kafin ya fi ƙarfinsu har abada.

Auta ya ja mijin waje don ya nuna masa inda titi zai bi. Malamar ta dawo baranda, ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafun Inna. Ta kwanto jaririn ta ɗora mata a cinya ba tare da ta tambaya ba.

"Ga mijinki nan, Inna, ki gani ko ya yi miki."

"Wannan ai ya fi ƙarfina, dubi kumatu," in ji Inna. Yaron ya kama carbinta yana kai wa baki.

Malamar ta rage murya. "Inna, ni ba ni da uwa, ba ni da wanda zan tambaya. Maigidan kuma rabin wata yana kan hanya, ni da yaron nan ne za mu zauna. Ɗanki mutumin kirki ne, amma dillali dillali ne. Ke kika yi damina a nan. Tsakaninki da Allah, ruwa yana shiga?"

Inna ta ji ƙirjinta ya matse. Ta nemi numfashi, ya zo rabi. Daga inda take tana hango bayan Auta, rigarsa ta jiƙe da gumi, yana nuna wa direba fili da hannu. Sama da kansa kuma gabas ta yi baƙi. Ta tuna muryar likita. Ta tuna ruwan nan mai sanɗa. Ta dubi kan jaririn, inda maɗiga ke bugawa a hankali.

"Ba ya shiga," ta ce.

"Ko kaɗan?"

"Lafiya lau muka yi damina, 'yata."

"Alhamdu lillahi!" Malamar ta kama hannun Inna ta riƙe da hannu biyu. "Wallahi kin sauke mini dutse. Tarin nan fa, Inna, kina shan magani?"

"Tsufa ne."

Ba a yi mako ba aka sa hannu. Auta ya zo da ƙaramar motar kaya, bakinsa har kunne, ya kawo mata lemo da sabon mayafi. Aka loda katifa da akwati da kujerar roba. Inna ta shiga gaba, ta rufe ido, ba ta waiwayi gidan ba. Ta ce a ranta ta yi abin da ta yi, za ta nemi gafara a kan tudu, inda za ta samu numfashin yin istigfari.

Motar ta tashi, ta sha kwana, ta gangara, ta tsaya.

Inna ta buɗe ido. Gida ne irin wancan sak, ƙofa iri ɗaya, baranda iri ɗaya, sai dai wannan a ƙarshen layi yake, a gangare, inda ciyawar fadama ke leƙowa ta kan katanga. Babur ɗin mai fenti na jingine a bakin ƙofa.

"Auta, ina ne nan?"

Ya sosa ƙeya. "Inna, na ɗan lokaci ne. Kuɗin wancan masu bina bashi sun kwashe tun kafin ya shigo hannuna. Saura uku. Kin ga yadda bakinki yake da albarka? Magana ɗaya kika yi aka saya! In kika yi mana haka a sauran, kafin damina ta yi nisa..."

"Ka rantse da kabarin ubanka."

"Na ce zan ɗauke ki, kuma ga shi na ɗauke ki. Ban ce ga inda zan kai ki ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Tana neman yaron da ta goya a cikin fuskar, shi kuma yana kallon sitiyari. Mai fenti ya fito zai yi barkwancinsa, ya ga fuskarta, ya haɗiye, ya ɗauki akwatin ya shiga da shi.

Ruwan farko da rana tsaka ya sauko, ya wuni yana zuba. Kafin la'asar tsakar ɗaki ta fara duhu ta tsakanin tayil. Inna ta ja jiki zuwa kangon baya tana tsayawa tana haki, ta mirgino bulo ɗaya bayan ɗaya, ta jera, ta ɗora wani ƙyaure da ba a kafa ba, ta ja katifa sama. Ta hau ta jingina, maganin shaƙa a hannu, tana kallon takalmanta suna yawo a falo.

Da ruwan ya tsagaita aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ba a jira izini ba aka turo.

Malamar ce. Zanenta ya jiƙe har gwiwa, jaririn a baya an lulluɓe shi da leda, yana wani ɗan tari siriri. Ta tsaya cikin ruwa a tsakiyar falon. Ta dubi bulon, ta dubi ƙyauren, ta dubi yadda aka rataye akwati a ƙusa can sama, aikin wanda ya san abin da ke zuwa. Sannan ta rusuna.

"Ina wuni, Inna."

Inna ta damƙe maganin shaƙarta, malamar ta ci gaba.

"Maigidan yana hanya, ba ni da kowa a nan sai ke. Na kira ɗanki, wayarsa a kashe." Muryarta ba ta rawa, ba ta kuma ɗaga ta ba. "Ba faɗa na zo yi ba. Gidan dai mun riga mun saya, ba inda za mu. Ke da kika yi damina a ciki, zuwa na yi ki gaya mini. Har ina yake kaiwa? In san inda zan kwantar da yaron nan."

Da zagi ta yi, da Inna ta samu abin riƙewa. Inna ta sunkuyar da kai. Ta miƙa hannu a hankali ta nuna idon sawunta, sannan ta ɗaga hannun zuwa ƙwauri.

"Wannan na farko ne," ta ce, kalma ɗaya, numfashi ɗaya. "In damina ta zauna, ban sani ba. Ki sa bulo uku. Ɗakin gabas ya fi tudu. Kada ki jingina gadonsa da bango. In sun zo da fenti, kada ki bari."

Malamar ta gyaɗa kai, tana maimaitawa a hankali kamar mai haddar darasi. "Bulo uku. Ɗakin gabas." Ta gyara goyonta. "Na gode, Inna. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta juya ta fita, tana jan ƙafa cikin ruwa. Inna ta bi ta da kallo ta ƙofar da aka bari a buɗe, har ta haura layin ta shige gidan da aka sayar mata da kalma biyu.

Gidaje irin waɗannan ba siminti kaɗai ake zuba musu ba. Wanda ya cike fadama ya ci nasa ya tafi, mai allon talla ya ci, dillali ya ci, masu binsa sun ci. Da gaskiyar 'yan kasuwa ta ƙare a kasuwa, sai aka shiga cikin gida aka ɗauko ta tsohuwa, wadda ta tara shekara da shekaru, aka kashe a wuni ɗaya. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata murya, kowa durƙusawa yake yi in zai gaishe ta.

Bayan kwana biyu rana ta fito, ƙasa ta sha ruwanta. Auta ya kunna waya ya kira. Ya tambayi jiki, ya ce ta yi haƙuri, an kusa. Ya ce akwai wasu da za su zo jibi, tsoho ne da ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki, shi da matarsa. A share tabon, a sauke katifar daga kan bulo kafin su iso.

"Kina jina, Inna?"

Tana jinsa. Numfashin amsawa ne babu.